Jini Na Uku

Ƙanƙara, 14 ga Satumba

Zuwa ga Mero,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Goggo da Malam Yahuza da iyalinshi. Ya damina, ya kuma zaman fargaba? Allah ya kawo mana ƙarshen abin. Mu nan lafiya lau. Sabuwar masara ta fara shigowa, injina uku duk suna aiki, ko zama ba na samu.

Kin san ni ba mutumin takarda ba ne, aji uku na yi a sakandare na fita neman na kaina. Da akwai sabis da na kira yayanki mun gama magana cikin minti biyu. To an ɗauke, daga nan har Faskari har ku can Sabuwa, shi ya sa na ba Lawwali direba wannan, tunda yana zuwa wajenku duk sati in hanya ta yi kyau.

Ga maganar. Yau wata huɗu ke nan da na ba ki takarda, saki ɗaya. A lissafina idda ta cika tun watan jiya. Kayanki na nan yadda kika bar su, gado da kwanuka da keken ɗinki. A turo mai kwasa. Ba wani abu zan yi da ɗakin ba, amma mutane na tambaya, kuma ba na son a ce Alhaji Badamasi ya riƙe kayan ɗiyar goggonshi.

Kada ki ɗauka wani abu ke damuna. Ina ci wajen mai abincin bakin tasha, kuma ta fi ki zuba nama. Abin da ya faru ya faru. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa ɗaga maki hannu ba. Daga ɗakin jinka a Pauwa na taso da ke na kawo ki gidan siminti. Amma ki bar mani ɗaki ki koma kwanan tsakar gida har wata biyu, in na matso ki ja baya kamar na taka ƙazanta, rannan kuma a gaban ma'aikatana ki daka mani tsawa ki ce in rabu da ke. To na rabu da ke.

Af, ina kike ajiye ƙaramar butar shayin nan? Na duba ko'ina.

Ni ne,
Alhaji Badamasi Mai Inji

Sabuwa, 23 ga Satumba

Alhaji,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun gode Allah da kake lafiya. Goggo na gaishe ka. Ta ce ɗan da bai zo mata barka da babbar salla ba, ita ma ta manta kamanninshi.

Lissafinka bai yi daidai ba. Idda ba da kalandar bangon shago ake ƙirga ta ba. Liman ya ce sai ranar da na ga jini na uku daga sakin, ranar ta cika. Na ga ɗaya sati uku da zuwana. Daga nan shiru, yau wata uku da kwanaki. Saboda haka ko kana so ko ba ka so ina cikin iddarka, kayana kuma su zauna inda suke.

Abin da ya sa ma na amsa maka, ina son zuwa asibiti Funtua. Yaya Yahuza ya ce mai idda ba ta tafiya wani gari sai da izinin mijin, kuma a rubuce yake so, kada gobe a ce ya fitar da matar mutane. Layi ɗaya ya isa. Ka rubuto ka ba Lawwali.

Butar na cikin tukunyar dambu, kan kanta. Ka wanke ta kafin ka ɗora. Mai abincin tasha kuma Allah ya ƙara mata ciniki.

Mero

Ƙanƙara, 27 ga Satumba

Mero,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin, ya ƙarfin jiki? Ki gaida Goggo, ki ce mata ina nan tafe da goro.

Wata uku da kwanaki! Kin kau san abin da kika rubuta? Sau huɗu na karanta wurin. Na kashe inji ana tsakar aiki na zauna kan buhu ina dariya ni kaɗai, har yaran aiki suka zaci wani abu ya same ni.

Ashe shi ne. Na tuna lokacin cikin autarmu haka kika yi, ko warin rigata ba ki so. Shekara sha tara ke nan, shi ya sa hankalina bai kai can ba. Ke ma da laifinki, da kin faɗa da duk ba a kai ga haka ba. Masu cewa Badamasi ya tsufa, to su zo su gani. Na riga na nuna wa makiyayina ragon da ba za a taɓa ba.

Maganar Funtua, ban yarda ba. Hanyar Dandume ko mai lafiya in ya bi ta sai ya yi jinya, balle ƙaramin ciki, ga kuma mutanen daji. Ki zauna ki huta, kada ki ɗauki ko bokiti.

Sai magana ta ƙarshe. Ni ba mai komawa baya ba ne, kowa ya sani. Amma in kika nemi in mayar da ke, saboda abin da ke tare da ke, ba zan ƙi ba.

Alhaji Badamasi

Sabuwa, 6 ga Oktoba

Alhaji,

Salamu alaikum. Muna lafiya, sai godiya.

Ka saki ragonka ya ci ciyawa. Ba ni da ciki. Sau biyu aka gwada a ƙaramin asibitin nan, babu komai. Shekarata arba'in da shida.

Tunda sai na buɗe baki za ka gane, bari in aje kunya gefe. Yau shekara ɗaya da rabi ke nan wani zafi ke taso mani daga ƙirji ya haye kaina, kamar an kifa mani tukunyar tuwo. Zufa ta jiƙa ni har zane, zuciyata ta yi ta bugawa, can kuma sanyi ya kama ni. A wuni sai ya yi sau goma. Barci ya ƙaurace mani, simintin tsakar gida kaɗai nake iya kwanciya a kai. Ina salla in manta raka'a nawa na yi. In yi kuka ban san dalili ba. In ka matso kuma, ciwo nake ji, ciwo na gaske, ba ƙi ba. Ranar da na yi maka tsawa abin ne ya taso, kai kuma ka tsare ni bakin ƙofa kana faɗa a kan gishirin miya.

Mai kemis ya yi mani maganin taifot sau uku. Goggo ta ce ciki ne ya kwanta, ta jiƙa mani saiwoyi. Matar Yaya ta ce iska ce, an yi mani hayaƙi har na shiɗe. Na sha rubutu. Kowa ya faɗi sunan ciwona, ni mai ciwon ban sani ba. Akwai ranar da na zauna bayan ɗaki ina tunanin halan haka hauka ke farawa.

A duk watannin nan da muna gida ɗaya, ka taɓa cewa Mero mi ke damunki?

Ba zan nemi ka mayar da ni ba. Izinin asibiti na nema, shi nake nema har yanzu.

Mero

Ƙanƙara, 21 ga Oktoba

Mero,

Assalamu alaikum. Ya jikin? Allah ya sauwaƙe. Na san na daɗe. Lawwali ya tashi sau biyu ban ba shi komai ba. Ba aiki ya hana ni ba, ba zan yi maki ƙarya ba. Na riga na gaya wa mutane kina da ciki, sai na rasa inda zan sa fuskata.

Kin san Hajiya Zulaihatu, ungozomar asibiti da ta yi ritaya, mai kawo niƙa ranar Laraba. Jiya na ja ta gefe, nesa da ƙarar inji. Na ce, Hajiya, wani abokina ne matarshi ke fama da kaza da kaza. Na karanto mata duk abin da kika lissafa, don na haddace.

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Alhaji, abokin nan naka, ba shi ne ya saki Mero bayan salla ba?"

Na ce Hajiya a bar wannan.

Ta ce, "Ba za a bari ba. Kai in injinka ya ɗauki zafi yana tari, yar da shi kake yi ko makaniki kake kira?"

Na ce makaniki.

Ta ce, "To ashe ƙarfe ya fi ɗiyar mutane gata a gidanka."

Wallahi rabon da wani ya yi mani magana haka tun ina yaron inji. Na haɗiye.

Ga abin da ta ce. Ba iska ba ne, ba hauka ba ne, ba taifot ba ne. Al'ada ce ke shirin ɗaukewa gaba ɗaya, kuma kafin ta ɗauke takan yi shekaru tana wasa da mace, yau ta zo gobe ta ɓace, da zafin nan da mantuwa da saurin fushi. Ta ce ita kanta shekara biyar ta yi a ciki. Ta ce uwayenmu duk sun yi, shiru kawai suka yi. Kuma akwai magani mai rage shi, amma sai an auna mace tukuna, kada a saya a kemis. Ta rubuta sunan wata likitar mata a Funtua da ranar da take ganin masu irin wannan, Talata. Ga takardar nan a ciki.

Malam Yahuza, wannan layin naka ne: ni Badamasi na ba Mero izinin zuwa asibiti Funtua, wannan karon da duk wanda zai biyo baya, ba sai an sake tambayata ba.

Lawwali zai kai ku ya jira ku ya dawo da ku. Ku tashi da hantsi, kada la'asar ta same ku a hanya.

Gidan nan ya yi girma da yawa. Ni na gina shi, ban taɓa lura ba.

Badamasi

Sabuwa, 4 ga Nuwamba

Alhaji,

Salamu alaikum. Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi.

Ina jiran izininka jini na biyu ya zo. Kwana sha ɗaya ya yi. Na faɗi a bakin murhu, Goggo ta zaci tafiya ce. Ban faɗa don in ɗora maka ba, don ka san lissafi ne. Saura ɗaya.

Mun je Funtua ranar Talata. Mata sun fi talatin a kan benci, har da wata mai sayar da fura daga Sheme da ta ce ita firjin maƙwabta take zuwa ta buɗe ta tsaya. Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. Ashe muna da yawa.

Likitar ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. An auna hawan jini, babu. An yi hoton ciki, mahaifa lafiya. Jinina ne ya yi ƙasa ƙwarai, ta ba ni maganin ƙarin jini, da wani man shafawa wanda ba sai na yi maka bayani ba. Sai wasu ƙananan ƙwayoyi, kati ɗaya guda ashirin da ɗaya, kullum ɗaya. Ta ce za su rage zafin, su hana irin zubar da ta kayar da ni. In katin ya ƙare, kwana biyu ko uku jini zai zo.

Yaya ya kai wa liman maganar. Ya ce malamai sun yi saɓani a kan jinin da magani ya kawo, amma shi in ya zo da kamanninshi ƙirga shi zai yi.

Ka gane ke nan. Katin na nan cikin jakata, ban ɓalle ko ɗaya ba. Na san kalma ɗaya za ka rubuto in zama matarka ko ban so ba, shari'a ta ba ka. In ka yi haka zan dawo, kamar yadda buhu ke dawowa in an ɗora shi a mota.

Mero

Ƙanƙara, 7 ga Nuwamba

Mero,

Ya jikin? Labarin faɗuwarki ya hana ni cin abinci, na tasha ma da sauran.

Ki sha maganinki. Ranar da wannan ta iso hannunki ki ɓalle na farko, ki gaya wa Lawwali da baki kin fara, in san ranar. Kada ki ƙara kwana ɗaya cikin zafin nan saboda ni. Na sa kin jira sau ɗaya, na ga abin da ya jawo.

Kalmar kuma ba zan rubuto ta ba. Da takarda na kore ki, a tsaye na rubuta ta a kan murfin inji, ko zama ban yi ba. Ba zan dawo da ke da takarda ba. Zan zo da ƙafata, in zauna gaban Goggo da Yahuza, in dube ki in faɗa da bakina, bayan na ji naki. Na rantse a kan haka, kin kau san rantsuwata.

Kwana ashirin da ɗaya sun ishe ni. Akwai abin da nake son gamawa a gidan nan kafin in taso. Ba zan faɗa ba, sai kin gani.

Badamasi

Sabuwa, 4 ga Disamba

Ɗan Kawu,

Salamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta hana ka. Mun ji an yi ɓarna a hanya, Goggo ta yi ta addu'a.

Katin ya ƙare ranar Litinin. Talata na yi kitso. Laraba Goggo ta sa aka yanka zakara, da yamma yara suka cinye. Alhamis da hantsi na ga jini. Na gaya wa Goggo, ta gaya wa Yaya, Yaya ya gaya wa liman.

Idda ta cika. Yanzu kana iya turo kayan.

Mero

Ƙanƙara, 8 ga Disamba

Mero,

Assalamu alaikum. Lafiyata lau, ba abin da ya same ni. Ya ƙarfin jiki?

Bari in faɗa maki yadda aka yi, ba don ya gyara komai ba. Ɗakinki na tsaya gyarawa. Na sa an fasa bango an buɗe taga babba ta gabas, wata ta yamma, an sa sola da fanka biyu. Mai walda ya yi ta ja mani rai, ni kuma na ce ba zan zo hannu sake ba, sai na zo da abin da zan nuna. Da sati uku a hannuna na zauna ina gadin taga. Sai Talata muka taso, washegarin ƙarewar katin.

Muna isa Sheme muka tarar sojoji sun rufe hanya, an tare motoci a gaba. Kwana uku muna tasha. Ranar Laraba Lawwali ya ce, "Alhaji, ga ni ga mai shayi, Musulmi biyu baligai. Ka ce ka mayar da ita mu shaida, magana ta ƙare. In ya so ka je ka maimaita a gabanta da kwalliyarka."

Na ce na rantse a gabanta zan faɗa.

Ya ce, "Ka yi kaffara mana. Azumi uku ya fi zaman gwauro."

Na ce kai direba ne, ka tsaya a kan tuƙi.

Juma'a aka juyo da mu Ƙanƙara. Da Lawwali ya kawo mani takardarki jiya, ya ga fuskata, ya ce har yanzu in ina so shi da mai shayi za su ce Laraba na faɗa, wa ya sani? Ba zan ɓoye maki ba, sai da na yi tunanin yarda. Sai na tuna ke ma ba wanda ya ga abin da kika gani ranar Alhamis sai ke. Da kin so da kin yi shiru. Ba ki yi ba. Na ce mashi ya je ya wanke motarshi.

Ban faɗa ba, Mero. Ranar Laraba ina da iko, ban faɗa ba. Har yanzu ban san ko mutunci ne ya hana ni ko girman kan nan ne da kika sani.

Kayan ba zan turo ba sai kin sake cewa in turo. Na rubuta wa Yahuza daban. Ina neman ya ba ni izinin zuwa zance wajen ƙanwarshi, bazawara. Shekarata hamsin da uku, ina da sana'a, ina da gida mai taga biyu, an ce ina da taurin kai.

Badamasi

Sabuwa, 13 ga Disamba

Ɗan Kawu,

Wa'alaikumus salam. Jiki alhamdu lillahi. Na fara kati na biyu. Zafin ya koma sau biyu ko uku a wuni. Shekaranjiya na kai asuba ban farka ba, har Goggo ta zo tana taɓa ni ta ji ko da rai.

Yaya ya karanta takardarka ya yi dariya har da tari. Ya ce bazawara ita ke da ta cewa, ba shi ba.

To ga ta cewata. Na gode da ba ka karɓi shaidar Lawwali ba. Da ka karɓa da na dawo, da kuma ban ƙara yarda da ranar da ka faɗa ba har mu mutu.

Amma kada ka yi sauri. Likita ta ce abin nan na iya ɗaukar shekaru. Ragewa ya yi, bai tafi ba. Matar da ta yi maka tsawa gaban ma'aikata tana nan, wata rana za ta sake. Taga ba za ta hana ba. Ni ma ina son in ɗan zauna in ga wace ce ni in ina barci.

An ce za a sako sabis. Ko an sako kada ka kira ni, a waya kai kaɗai ke magana.

Ranar Talata ta sama zan koma Funtua. Likitar ta ce tana son mazajen su riƙa zuwa su ji da kunnensu, har yau ba wanda ya taɓa zuwa. Na ce mata ni ba ni da miji, amma ina da ɗan kawu. Ta ce shi ma ya zo.

Ana raba lamba da sassafe. Bencin mata ne, ba wurin jingina, kuma za su kalle ka. In ka iya zama har a kira ni, sai mu ga abin da ya rage na magana.

Mero